Daga motar kara zuwa allon Arduino: Ina ƙirƙirar ɗaliban Kebbi ke zuwa bayan an ba ta maki?

Da zarar an gama girbin dawa a Fagada da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, kara ya zama na yara, kamar yadda yake a ko'ina a ƙasar Hausa. Su ɓare sillen, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, kafin la'asar an ƙera mota mai ƙofa da taya. Wannan wasa ya girmi iyayensu. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne abin da ake liƙa wa motar: ƙwan tocilan da ta mutu, batirin tsohuwar waya, da 'yan siraran wayoyin da aka zaro daga lalatacciyar caja. Sai ga motar kara tana kunna fitila.

A wasu manyan makarantun zane na duniya, wannan haɗi na hannu da ido da wutar lantarki fanni ne mai zaman kansa, har digiri ake bayarwa a kansa. A nan kuwa, yaron da ya iya shi yakan bar shi ranar da aka ce masa ya girma. In ya yi sa'a ya kai jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, zai sake haɗuwa da waya da batir a shekararsa ta ƙarshe, lokacin aikin kammala karatu, wanda ɗalibai ke kira furojet. Amma kafin nan an riga an raba shi da rabin baiwarsa.

Batun ya taso da ƙarfi yanzu saboda a shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa, ta sanar da sabon tsarin karatun firamare da sakandare. A ciki akwai sana'o'i irin su haɗa sola, gyaran kwamfuta da wayar salula, da ɗinki, sannan an ƙara nauyin darussan fasahar zamani. Ke nan nan da 'yan shekaru, yaran da za su riƙa isa Aliero za su zo da tsammanin taɓa na'ura da hannunsu. Tambayar ita ce, me za su tarar?

Na'urar da aka yi domin masu zane

Duk wani aikin fasaha mai amsa wa mai kallo, komai girmansa, abu uku ne a cikinsa. Akwai abin da ke ji, wato sensa, mai gane motsi ko haske ko zafi ko sauti. Akwai 'yar ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta mata. Sai abin da ke mayar da martani, fitila ko lasifika ko ɗan inji mai juyawa.

Misali, a ɗauki ƙwarya a sassaƙa mata zane a huda, a sa fitilun LED a ciki. A bakinta a sa sensar da ke auna nisa ta hanyar tura sautin da kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa, dabarar da jemage ke amfani da ita. Idan mutum ya matso da hannu hasken ya ƙaru, zanen ya bazu a bango. Idan ya ja da baya ya dushe. Mai sassaƙa shi kaɗai ba zai iya ba. Injiniya shi kaɗai zai iya kunna fitilar, amma ba wanda zai tsaya ya kalla.

'Yar ƙwaƙwalwar da ɗaliban injiniya a Najeriya suka fi sani ita ce Arduino, wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Da yawa daga cikin masu amfani da shi ba su san cewa ba don injiniyoyi aka fara yinsa ba. An ƙirƙire shi ne a 2005 a wata makarantar koyar da ƙira da ke garin Ivrea a arewacin Italiya, inda Massimo Banzi da abokan aikinsa ke neman abu mai araha da ɗaliban zane, waɗanda ba su karanci lantarki ba, za su iya sarrafawa cikin 'yan kwanaki. Tushensa ma aikin kammala karatun wani ɗalibi ne ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, wanda ya sa wa suna Wiring.

Masu Arduino sun saki taswirarsa kyauta ga duk mai son kwaikwaya, shi ya sa kamfanonin China suka cika kasuwa da irinsa masu rahusa. Makarantar ta Ivrea ta daɗe da rufewa, amma a watan Oktoban 2025 katafaren kamfanin Qualcomm na Amurka ya sanar da sayen Arduino. Furojet ɗin ɗalibi ɗaya ya kai nan ne saboda malamansa ba su sa shi a sito ba bayan sun ba shi maki.

Birnin Kebbi ta taɓa yaye irinsa

Ba sai an je Italiya neman hujja ba. Jelani Aliyu, wanda ya jagoranci zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a Detroit a 2007, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanci zanen gine-gine daga 1986 zuwa 1988, lokacin garin yana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato. Zanen mota yake so tun yana yaro, amma babu inda ake koyar da shi a kusa. Sai da tallafin karatu na gwamnatin Sakkwato ya kai shi makarantar ƙira ta Detroit, ya gama a 1994. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa.

Abin lura a tarihinsa shi ne, ba injin motar ya sa aka san shi ba. Fensir ne. Kamfanin da ke da dubban injiniyoyi ya nemi wanda zai sa mai saye ya kalli motar lantarki ya ji yana sonta.

A shekarar da aka nuna Volt ɗin, wani ɗalibin kimiyyar lissafi da sarrafa abubuwa a Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya shiga labaran duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya ruwaito cewa jirgin ya tashi, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. An yi ta yayata hotonsa, aka yi tafi, labarin ya wuce. Tun daga lokacin kusan duk shekara sai an ga wani matashi a Facebook ko TikTok da jirginsa ko tankar yaƙinsa ta kwali mai tafiya da rimot, wani babba ya kira shi ya ba shi kyauta, a ɗauki hoto. Ba a cika jin kashi na biyu na labarin ba.

Bambancin mutanen biyu ba na baiwa ba ne kawai. Ɗaya ya samu makarantar da ta karɓi abin da yake so ta ɗora shi a kan hanya. Masu bin sahun ɗayan galibi tafi suke samu.

Katangar da ake ginawa tun aji huɗu

Rabuwar tana farawa ne a shekarar farko ta babbar sakandare, inda ake tsaga ɗalibai gida biyu, ajin sayins da ajin ats kamar yadda suke kiransu. A idon iyaye da malamai da yawa, mai ƙoƙari sayins zai tafi, wanda ya rage kuma a tura shi ɗaya ɓangaren. Yaron da ya iya zane kuma ya iya lissafi dole ya saki ɗaya. Daga nan haɗin darussan da JAMB ke buƙata ya kulle ƙofar.

A manyan makarantu ma haka abin yake a taswira. Cibiyar koyar da zane mafi tsufa a Arewa tana Zariya. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta yi tawaye ga koyar da zane irin na Turawa zalla, suka dage sai an haɗa dabarun zamani da zanen gargajiyar ƙasarsu. Har yau Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen zane da sashen ƙirar kayan masana'antu. Jami'ar Aliero kuwa, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, kuma a yanzu take amsa sunan Abdullahi Fodiyo, ƙarfinta yana wajen kimiyya, injiniya da noma. Tsakanin mai fenti da mai dalma akwai tafiyar yini guda a mota.

Sakamakon haka, duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar wani sashen lantarki a ƙasar nan ya san abin da zai gani: akwatunan katako ko na roba, kowanne da ɗan gilashi mai nuna rubutun Turanci, ƙura ta rufe su. Fitilar kan titi mai kunna kanta, ƙofa mai buɗewa da lamba, na'urar auna ruwan tanki. Maudu'ai ne da ake maimaitawa shekara da shekaru daga wannan makaranta zuwa waccan. Aikin yakan rayu na minti goma sha biyar a gaban malamai ranar kare furojet. Wani lokaci washegari ake kwance shi a sayar wa 'yan baya da kayan.

Ba ɓoyayyen abu ba ne kuma cewa a garuruwan da ke da manyan makarantu akwai masu sana'ar haɗa wa ɗalibai furojet, na'ura da rubutu gaba ɗaya, a kan farashi. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Idan ya san babu wanda zai yi amfani da abin, kuma kaurin littafin da aka ɗinke ya fi ƙayatar da masu ba da maki, to sayen ya fi masa sauƙi. Aikin da za a kafa a bainar jama'a, mutane su taɓa su yi tambaya, yana da wuyar saye, domin mai shi zai tsaya a gefensa ya yi bayani, ya gyara idan ya tsaya.

Kuɗi da wuta

Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, ta Legas, inda kasuwannin Alaba da Ikeja ke rarraba su, sannan su biyo ta Kano ko Kaduna kafin su iso Kebbi. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. A wannan lissafin, sensar dala 10 ta tashi daga naira 4,600 zuwa 15,000, ban da kuɗin mota wanda shi ma ya ninka bayan cire tallafin mai. Furojet dai ɗalibi ne ke biya daga aljihunsa, wato daga rumbun mahaifinsa. Ɗan manomi daga Maiyama da ya ƙona allo ɗaya bisa kuskure ba lallai ya iya sayen na biyu ba, alhali kuwa wannan ilimi da ƙone-ƙone ake koyonsa. Wanda ke tsoron ɓata kaya ba zai gwada sabon abu ba, sai ya kwafi wanda aka riga aka tabbatar yana aiki.

Wuta ma na nan da nata. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, har manyan jami'o'i suka fito suna kukan ba za su iya biya ba. Ga yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, ga rufe makarantu da gwamnatin Kebbi ta yi na wani lokaci bayan sace ɗalibai mata a Maga a watan Nuwamban 2025. Kowane irin wannan tsaiko daga lokacin aikin hannu ake fara yanke shi idan an dawo, saboda a cim ma jarrabawa.

Sai dai a nan ya kamata a yi adalci: rashin wuta ba cikakken uzuri ba ne a wannan fanni. Arduino da bolt 5 yake aiki, wato abin cajin waya na tafi-da-gidanka ya ishe shi yini. Ɗan allon ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, ya fi shi araha, ga shi da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Wannan ba injin walda ba ne. Faifan sola ɗaya da batir za su riƙe tebur goma na ɗalibai.

Damuwar iyaye

Akwai wani dalili da ba a cika faɗa a taro ba. Iyaye da yawa a wannan yanki, wanda yake cikin masarautar Gwandu mai tsohon tarihin malanta, suna ɗari-ɗari da karatun zane saboda abin da suka sani na hukuncin sura da mutum-mutumi. Damuwa ce ta gaske, kuma wanda ya yi mata dariya ba zai samu ɗalibai ba.

Amma irin wannan fasaha ba ta dogara da siffar mai rai ba. Kayan aikinta haske ne da sauti da motsi da tsari. Ƙasar Hausa kuwa ta cika da su: dagi a goshin soro, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen hula, ƙawar da ake yi wa allon zayyana, saƙar faifai da tabarma. Duk lissafi ne da maimaici, irin abin da kwamfuta ta fi jin daɗin sarrafawa.

Tarihin Musulunci ma yana da nasa magabatan a nan. A ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi a Bagadaza mai ɗauke da na'urori kusan 100, da yawansu na ban mamaki da nishaɗi ne, kamar tulunan da ke zuba ruwa su tsaya da kansu. A 1206 kuma Isma'il al-Jazari ya kammala nasa littafin a Diyarbakir, mai bayanin agogunan ruwa da na'urorin ɗebo ruwa da na wanke hannu. Bai raba na'urar amfani da ta ƙawa ba, a littafi ɗaya ya haɗa su.

Wasa ne alhali albasa na ruɓewa?

Ga ƙorafi mafi nauyi. Jihar da ke fama da matsalar tsaro a wasu sassanta, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da tsadar taki, ina ta ga lokacin ƙwarya mai walƙiya? Mai wannan magana yana da gaskiyarsa. Amma a dubi albasa, wadda ita ce ta fitar da sunan Aliero har ƙasashen maƙwabta.

Manomi yakan cire albasar rani lokacin da kowa ke cirewa, farashi ya faɗi. Ribar tana wajen wanda ya iya ajiyewa har ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, lokacin da take tsada, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024 da farashinta ya yi tashin gwauron zabi a faɗin ƙasar. Ajiyar kuwa galibi a rudu ake yinta, rumfar kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa. Abokan gabar albasa a ciki su ne laima da rashin iska. Masana ajiyar amfanin gona sun ce tana son danshin iska ya tsaya wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Idan ya haura sosai sai ta fara fitar da saiwa, ruɓa ta shiga, ɗaya ta shafa wa goma. Manomi yakan gane ne da hanci, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa.

Sensar da ke auna zafi da danshi tana cikin mafi arahar kayan lantarki, kuma haɗa ta da Arduino aikin mako ɗaya ne ga ɗalibin aji uku. An sha yin irin wannan furojet a makarantu. Me ya sa ba a ganinsa a rudu?

Saboda akwatin yana magana da malamin da zai ba da maki ne, ba da manomi ba. Yana rubuta lambobi da Turanci a ɗan gilashin da ba a gani cikin rana. Yana so a cire shi a kai caji. Ƙura na shiga, ɓera na cin wayar, ruwan farko ya kashe shi. Kuma kamanninsa na abin da ake tsoron taɓawa ne.

A nan ne aikin mai zane yake. Shi ne zai tambaya: wane launi ne mutum zai gani daga bakin gona ya san lafiya lau, wanne zai sa ya taho da gudu? Ƙara za ta yi, ko murya ce za ta ce da Hausa a buɗe rudu a juya albasa? A cikin me za a sa ta, roba ko gora ko tukunyar ƙasa da maginan gari za su iya yi? Ina za a rataye ta yaro bai ɗauke ba? Idan mai rudun matar aure ce da ke sayen albasa tana ajiyewa a cikin gida, saƙon zai je wayarta ne, kuma wace irin waya ce? Waɗannan su ne ainihin tambayoyin da ɗalibin da ya yi ƙwarya mai amsa hannu ya riga ya saba yi wa kansa, domin aikinsa bai cika ba sai baƙo ya matso ya taɓa ba tare da an yi masa bayani ba. Wayoyin cikin ƙwaryar da na cikin rudun kusan iri ɗaya ne.

Ko ta fuskar neman kuɗi kai tsaye, kasuwar tana nan. Masu ƙawata wuraren biki, masu allunan talla na shaguna, masu shirya fim, duk suna sayen fitilu da na'urorin da aka haɗo daga waje, in sun lalace a jefar. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, da Gidan Tarihi na Kanta, da bikin Uhola na Zuru da Rigata na Yawuri, wurare ne da baƙi ke zuwa da waya a hannu suna neman abin ɗauka. Taswirar daular Kabi da za ta haska ta yi bayani da Hausa idan yaro ya ɗora yatsa a kan Surame ba ta fi ƙarfin ɗaliban aji huɗu su biyar ba, muddin ɗayansu ya san tarihi, ɗaya kuma ya iya zane.

Abin da maƙwabta suka gwada

A Lome ta ƙasar Togo, wani masanin gine-gine, Sénamé Koffi Agbodjinou, ya buɗe wani ɗakin ƙere-ƙere na unguwa mai suna WoeLab a 2012. A shekara ta gaba wani daga cikin masu zuwa wurin, Afate Gnikou, ya haɗa na'urar da ke fitar da abu da cikakkiyar siffarsa daga zanen kwamfuta, kuma akasarin kayanta daga matattun kwamfutoci da firintocin bola ya tsinto su. A Dakar, cibiyar Kër Thiossane tun 2002 take haɗa masu zane da masu lantarki da masu sana'ar unguwa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Babu ɗayansu da ya fara da katafaren gini.

A gida ma akwai misali. Lokacin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, makarantar ta ƙulla alaƙa da maƙeran kasuwar Panteka, don ilimin aji da na hannu su san juna. Daga baya ya zama shugaban hukumar NBTE mai kula da irin waɗannan kwalejoji, kuma ya daɗe yana jaddada cewa takarda ba tare da sana'a ba ba ta wadatar. Jega, mai tsohuwar kasuwa, ba ta rasa masu gyaran waya da rediyo da maƙera da masu sassaƙa. Mai gyaran waya da ke ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki ya fi ɗalibai da yawa iya riƙe dalma, kuma a ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da lasifikoki da batura da 'yan injunan girgiza waya da ba ya amfani da su.

Ƙofofin da suke a buɗe

A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin darussa wanda ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. ASUU ta soki tsarin, tana ganin kason jami'o'in ya yi kaɗan. Duk da haka kashi 30 ya isa a saka darasin ƙira guda ɗaya na dole ga ɗaliban lantarki da kwamfuta, ko a yarda ɗalibin noma da na injiniya su yi furojet ɗaya a ba su maki tare. Wannan shawara ce ta majalisar malaman jami'a, ba sai an jira Abuja ba. Malaman zane kuma ana iya gayyato su na 'yan makonni daga Zariya, ko daga kwalejojin ilimi da ke koyar da fannin.

Asusun TETFund yana ba jami'o'i da kwalejojin gwamnati, na tarayya da na jihohi, kuɗin gine-gine da kayan aiki da bincike. Gini dai ya fi daɗin ƙaddamarwa, ana yanka kyalle a gabansa. Amma kabad ɗin da ɗalibi zai je ya ari allo da sensa kamar yadda ake aron littafi, ya mayar idan ya gama, a yafe masa idan ya ƙona ɗaya, kuɗinsa bai kai na tayil ɗin zaure ɗaya ba. Shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa, wanda aka ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ya fi karkata ga ayyukan da ake yi a fuskar kwamfuta, don haka ba zai cike wannan gurbi na aikin hannu ba.

Babban haɗarin yana ƙasa, a sakandare. Mutane da yawa da suka yi makarantar gwamnati a Arewa suna tuna yadda aka koya musu kwamfuta da alli, malami ya zana linzami a allo su kwafa. Idan sabon tsarin karatun ya iso makarantun ƙauyukan Maiyama babu malami babu kaya, haka za a zana faifan sola da batir, a yi jarrabawa a ci. Ɗaliban ajin ƙarshe na Aliero su ne mafi kusa da waɗannan makarantu da suka taɓa riƙe na'urorin da hannunsu. Jami'a na iya sa kai aikin wata sakandare, a kafa shi a bar shi yana aiki, ya zama sharaɗin samun cikakken maki.

Haka nan ranar kare furojet ba dole ta ƙare a ɗakin taro ba. Ana iya kafa rumfa a kasuwar Jega ko a kasuwar albasa ta Aliero, a jera ayyukan, a bar dillalai da manoma da yara su taɓa, malamai na gefe da takardar maki suna kallon wanne mutane suka gane ba tare da an yi musu bayani ba, wanne kuma aka tambayi kuɗinsa.